Ɗan Isa: abin da tsagar ƙasa ke faɗi

Duk wanda ya taɓa ɗaukar hanyar Katsina daga Maraɗi ya san Ɗan Isa, ko da yake yawancinmu saninmu da garin bai wuce bakin kwalta ba. Nan ne mota ke tsayawa gaban ƴan duwan da jandarmomi, a miƙa takardu, a canja sefa da naira, a sayi ruwa da goro, sa'an nan a miƙe zuwa Jibiya. Ɗan kasuwa ya san shi a matsayin ƙofar Najeriya, ma'aikacin gwamnati kuwa ya san shi a matsayin wurin da akan tura mutum aiki a bakin iyaka. Kafin shekarar 2021, da wuya ka sami matafiyin da zai ce maka akwai wani abu a ƙarƙashin gonakin wannan yanki da ya wuce ruwan rijiya.

A cikin wannan shekara ce labari ya bazu cewa an ga zinariya a wajen Kwandago da Garin Liman, cikin ƙaramar hukumar Ɗan Isa, a gundumar Madarumfa. Kafin a ankara dubban mutane sun kwararo daga sassan Nijar da kuma ƙetaren iyaka. Fili ya koma ramuka kusa da kusa, runfunan kara da na leda suka tashi, masu tuwo da masu ruwa da ƴan kabu-kabu suka sami kasuwa. Ranar lahadi 7 ga watan nuwamba 2021, ƙasa ta rufta da masu haƙa a Garin Liman. Kashegari magajin garin Ɗan Isa na lokacin, Adamou Guéraou, ya shaida wa manema labarai cewa an yi jana'izar mutum 18, an kuma kai mutum 7 asibiti. Lissafin mamatan ya ƙaru a kwanakin da suka biyo, yayin da ake ci gaba da tono. Hukumomi suka ba da umurnin rufe wurin. Allah shi jiƙan waɗanda suka rasu.

Na koma yankin bayan shekara guda, lokacin kaka, da tambaya ɗaya a raina: in zinariya ta ƙare, in jama'a ta watse, shi ramin ina za shi? Domin kuwa mai haƙa yana da ƙafar tafiya Jado ko Zamfara, amma manomi da maƙwabcinsa da wanda zai sayi fili gobe, su ne za su zauna a kan abin da aka bari.

Hanya da abin da ke ƙarƙashinta

Daga tashar Maraɗi tafiyar ba ta kai awa guda ba. An wuce Danja, gonaki sun bushe, amalanke na jan damman hatsi, rumbuna an yi musu sabon jinka. A wannan ɓangare ne kwarin Gulbin Maraɗi yake, wanda ke fitowa daga ƙasar Katsina ya bi ta Madarumfa. Mai lura zai ga abu guda yana canjawa yayin da ake yin kudu: duwatsu na fara leƙowa a gaɓar gulbi da cikin ƙoramu, abin da ba a saba gani ba a jigawar arewacin Maraɗi.

Masana ilmin ƙasa sun bayyana dalili. Yawancin jahar Maraɗi na zaune ne a kan rairayi mai kauri, amma a bakin iyaka tsohon dutsen da ke ƙarƙashin kome ya taso kusa da sama, kuma danginsa ɗaya ne da duwatsun arewa maso yammacin Najeriya, irin na Anka da Maru a Zamfara, inda aka daɗe ana samun zinariya. Ita zinariyar tana zama cikin jijiyoyin farin dutse da suka ratsa wannan tsohon dutse, da kuma cikin tsakuwar da ruwa ya wanko daga gare su. Mai haƙa a irin wannan wuri yakan ratsa rairayi, ya ratsa tsakuwa ko marmara, sa'an nan ya shiga ruɓaɓɓen dutse, wanda da rani yake da tauri har sai an sa diga, amma in ya sha ruwa sai ka murtsuke shi da hannu. A cikin wannan ruɓaɓɓen dutse ne yawancin wahalar take.

Na sauka a Ɗan Isa, na hau kabu-kabu, muka bar kwalta. Wanda aka haɗa ni da shi wani dattijo ne da ya yi rayuwarsa yana ginar rijiyoyi a ƙauyukan yankin. Bai taɓa neman zinariya ba, amma ƴaƴan ƙanensa biyu sun nema, ɗaya ya dawo da kuɗin babur, ɗaya ya dawo da ɗingishi. Muka gaisa, na faɗi abin da ke tafe da ni. Ya dube ni, ya dubi takalmana, ya ce: «Malam, in za mu tafi, inda na taka nan za ka taka.»

Rijiya da lungu

Ba mu shiga tsakiyar filin ba, muka tsaya daga gefe. Daga nan ana hango tsibin ƙasa, ja da fari da toka-toka, kowane tsibi da baƙin baki a gindinsa. Waɗansu bakunan ciyawa ta rufe su, waɗansu ruwan damina ya cinye gefensu har sun yi faɗi kamar akushi.

Na ce: «Baba, kai da ka yi shekaru cikin rami, me ya sa rijiyarka ke tsayawa, waɗannan kuwa suke ruftawa?»

Ya durƙusa ya zana da'ira a ƙasa da yatsa. Ya ce rijiya zagaye take, kowane gefe yana tokare da ɗan'uwansa, nauyi yana bin kewaye. Kuma mai rijiya in ya isa ruwa ya tsaya. Mai zinariya kuwa in ya isa jijiya, sai ya juya ya bi ta a kwance, ya yi lungu. Lungu rufinsa shimfiɗe yake, babu mai riƙe shi sai ƙasar da aka bari a gefe da ɗan itacen da aka tokara. Maƙwabci na can taku biyar yana yin nasa lungun, na gaba da shi ma haka. A sama kana ganin baki ashirin, kowane da mai shi. A ƙasa kuwa sun kusa zama ɗaki guda, ba abin da ya raba su sai siraran bangaye.

Waɗannan bangaye su ne injiniyoyi ke kira ginshiƙai, kuma a manyan ma'adinai lissafi ake yi kafin a san faɗin da za a bar musu. A nan babu mai lissafi. Abin da ya fi muni, ginshiƙin shi ma da zinariya a cikinsa, tun da jijiya ɗaya ce. Saboda haka in lungu ya ƙare, ido sai ya koma kan ginshiƙi: wannan ya ɗan kankara daga gabas, wancan ya ɗan kankara daga yamma, kowa na zaton ɗan'uwansa ya bar masa kauri. In ginshiƙi ɗaya ya gaza, nauyinsa ya koma kan na kusa da shi, shi ma ya gaza, sai fili ya tafi gaba ɗaya. A tuna kuma ƙasa nauyi gare ta: murabba'in metir guda mai zurfin metir guda yakan kai tan ɗaya da rabi zuwa tan biyu, wato buhun siminti 30 zuwa 40. Tsibin da ake jibgewa a bakin rami ƙarin kaya ne a kan rufin da tun farko ba shi da ƙarfi.

Tsaga biyu, ma'ana biyu

Muka zagaya ta wata ƴar fadama da ta bushe. Lakar ta dare gida-gida kamar bayan kada. Na tsaya cak. Dattijo ya yi dariya, ya taka kanta ya wuce. Ya ce: «Wannan ƙishirwa ce kawai, Malam. Ruwan farko in ya sauka za ta rufe bakinta.»

Can gaba, a kan faƙo, inda ni ban ga kome ba, shi ne ya miƙa sanda ya tare ni. Ya ce: «Mi ka gani?» Sai da na sunkuya na ga wani siririn layi, bai kai faɗin yatsa ba, ya tafi a lanƙwashe kamar baka, ya ratsa faƙo, ya ratsa rairayi, ya ratsa ƴar hanyar awaki, bai kula da ko ɗaya ba. Ya ɗora sandar a kwance bisa tsagar: gefen da ke duban ramukan ya fi ɗayan ƙasa kaɗan, har ana iya zura ɗan yatsa ƙarƙashin sandar. Taku uku daga nan akwai wata tsagar, ita ma da lanƙwasa iri ɗaya.

Ga bambancin, mai karatu, kuma ya cancanci a riƙe shi. Tsagar fari tana fitowa ne a laka kawai, gida-gida take, gefenta biyu daidai suke, kuma damina na rufe ta. Tsagar lotsawa kuwa doguwa ce, a miƙe ko a lanƙwashe, ba ta zaɓen irin ƙasa, sau da yawa takan zo biyu ko uku a jere suna kewaye wuri guda, gefe ɗaya yakan sauka ya bar ɗan'uwansa, kuma ruwan sama ƙara mata baki yake yi, domin ta nan yake zurarewa ƙasa. Inda cikin bakan yake duba, can ramin yake. Dalili kuwa shi ne, in tsakiya ta lotsa, gefe ne ke jan jiki ya yage, kamar yadda tabarma ke yi in an ɗora ta bisa rami an taka tsakiyarta. Don haka tsaga ba a kan ramin take fitowa ba, a iyakarsa take fitowa, kuma wanda ya tsallake ta ya nufi ciki ya riga ya hau rufin.

Wani abin da mutane ba su cika sani ba shi ne, wurin da ke motsi a sama ya fi ramin da ke ƙasa faɗi. Ƙasa ba a tsaye take karyewa ba, a karkace take yi, tana buɗewa yayin da take hawa, kamar mazurari. A ma'adinan kwal na Ingila, inda aka daɗe ana auna wannan, an saba lissafa cewa kowane metir 10 na zurfi yana iya taɓa wajen metir 7 a sama bayan iyakar ramin. Lungun da ke metir 20 ƙarƙashin gonar wani ke nan yana iya tsaga katangar maƙwabcinsa da ke metir 14 daga inda lungun ya tsaya. Ƙasar Ɗan Isa ba ta Ingila ba ce, lissafin zai bambanta, amma darasin ɗaya ne: iyakar gona ba ta tsare kowa.

Akwai kuma wata irin ruftawa da ta fi wannan ha'inci. Rufin lungu yakan zube kaɗan-kaɗan, ɓaraguzai su taru a ƙasa, kogon ya riƙa hawa sama shekara bayan shekara. In ramin na da zurfi ƙwarai, ɓaraguzan kan cika shi kafin ya iso, domin fasasshen dutse ya fi cin wuri. In kuwa bai da zurfi, kamar yawancin ramukan hannu, wata rana sai ya ɓullo. Alamarsa ƙarama ce: ɗan lotsi zagaye kamar an kife ƙwarya an cire, ko ƙaramin rami da rairayi ke silalewa cikinsa, ko wuri mai amo kamar ganga in an buga shi da sanda. Wani lokaci ma alamar ba ta daɗewa, shi ya sa ba a gwada irin wannan wuri da ƙafa.

Ruwa, itace da bango

Da muka zauna a inuwar wani gawo, dattijo ya ci gaba da lissafa mini abubuwan da yake dubawa. Na farko ruwa. In aka yi ruwan sama ya kwanta inda bai saba kwantawa ba, wurin ya sauka. In kuwa kududdufin da ya saba kwana bakwai ya ɓace cikin dare ɗaya, ya sami ƙofa a ƙasa. In rijiyar gida ta gurɓace ba dalili, ko ruwanta ya ja baya farat ɗaya, ko zobban siminti na cikinta suka goce wa juna, a tambayi wa ke haƙa a kusa. Ruwa ba ya tsami banza.

Na biyu abin da ke tsaye. Itace, turke, shinge, rumbu: in suka fara karkata duk suna duban wuri guda, wurin suke nunawa. Igiyar shanya ko waya da ke ɗaure tsakanin sanda biyu, in ta yi sako-sako ko ta yi tauri ba wanda ya taɓa ta, ƙasan sandunan ne ya motsa.

Na uku gida. Kowane ginin ƙasa yana tsagewa, kuma kowace mace mai yaɓe ta san ƴan tsage-tsagen da rana ke yi wa bango. Wadda za a ji tsoro ita ce mai tafiya a karkace daga kusurwar ƙofa ko taga, mai ratsa bango daga ciki har waje, wadda sama ko ƙasanta ya fi buɗewa, wadda kuma in an toshe ta da damina sai a tarar ta sake buɗewa da kaka. A ginin bulo takan bi layin siminti kamar matakala. Ƙyauren da jiya yake rufuwa yau ya ƙi, daɓen da ya rabu da bango, azarar da ta fara zamewa daga mazauninta, duk magana ɗaya suke yi.

Ga wanda ke cikin rami kuwa, in ji shi, alamun sun fi gaggawa: rairayi ya riƙa zubowa daga rufi ba wanda ya taɓa shi, itacen tokara ya riƙa ƙara ko ya lanƙwashe, bango ya kumbura yana zubar da ɓawo, ruwa ya fara ɗiga inda da babu. «Ranar da ka ji ƙasa tana tauna haƙora, ɗana, bar buhun ka fito. Buhu shina jiranka, rai ba shi jira.»

Awon talaka

Mai karatu zai ce, to in an ga tsaga, yaya za a san mai rai ce ko matatta? Abin bai bukatar na'ura daga Turai. A kafa turke biyu, ɗaya kowane gefe, a auna tsakaninsu da igiya ko metir na tela, a rubuta tsawon da ranar. A sa dutse a ƙarshen tsagar don a ga ko tana ƙara tsawo. A bango, a shafa ɗan siminti siriri kamar faɗin tafin hannu a kan tsagar, a rubuta kwanan wata a gefe. In ya fashe, bangon na tafiya. Siririn tiyon nan mai ruwa a ciki da magina ke daidaita gini da shi, ya isa ya nuna ko kusurwar ɗaki ta sauka. A riƙa dubawa kowane mako, da kuma bayan kowane ruwa mai ƙarfi.

Abin da za a fi kula da shi shi ne saurin buɗewar. Tsagar da ta ƙara ƙwayar hatsi cikin wata guda, a sa mata ido, a sanar da mai gari. Wadda ta ƙara haka cikin mako, sa'an nan cikin kwana, ta gama gargaɗi: a fitar da mutane da dabbobi, a kewaye wurin da ƙaya har bayan tsaga ta ƙarshe, a kai labari ga magajin gari da jandarmomi. Kada a ce za a cika ta da ƙasa a huta. Toshe bakin tsaga yana rage shigar ruwa, wannan gaskiya ne, amma kogon na nan yadda yake.

Lokaci ma yana da nasa hukunci. Ruwa na ƙara wa ƙasa nauyi, yana kuma rage mata ƙarfi, shi ya sa Mali da Burkina Faso suka saba dakatar da haƙar zinariya ta hannu a watannin damina. Amma ɗaukewar ruwa a sama ba ya nufin ƙasa ta bushe a ciki. Makonnin da ke bin damina, lokacin da kowa ke ɗokin komawa rami bayan girbi, ba su da tabbas ko kaɗan.

Ba mu kaɗai ba ne

Nijar ba baƙuwar zinariya ba ce. Tun tsakiyar shekarun 1980, lokacin fari, talakawa suka fara haƙa a Koma Bangu, cikin jahar Tilaberi. A 2004 aka buɗe ma'adinin Samira. A 2014 aka yi tururuwa zuwa Jado da Cibarakaten. Sai dai Jado hamada ce, ba mai noma a kan ramukanta. Ɗan Isa kuwa yana cikin ɗaya daga yankunan da suka fi yawan jama'a a ƙasar nan, inda ba a barin fili ya huta, inda kowane taku na da magaji. Ramin da aka bari a nan, ko ba jima ko ba daɗe, garma za ta bi ta kansa.

Maƙwabta ma suna ɗanɗana irin wannan. A watan janairu 2024, fiye da mutum 70 suka mutu a wani ramin zinariya a yankin Kangaba na ƙasar Mali. A watan yuni na wannan shekara, ƙasa ta rufta da masu haƙa a Galkogo, cikin ƙaramar hukumar Shiroro ta jahar Neja a Najeriya. Waɗannan duk masu aiki ne abin ya rutsa da su. Amma tarihi ya nuna ƙasa na iya bin bashinta ga wanda bai taɓa riƙe diga ba. A Afirka ta Kudu, kusa da garin Carletonville, inda kamfanonin zinariya suka zuƙe ruwan ƙarƙashin ƙasa, ƙasa ta haɗiye wani ginin niƙan dutse da ma'aikata 29 a watan disamba 1962, sa'an nan a watan agusta 1964 ta haɗiye gida da iyali mutum 5 cikin dare. A Faransa, a garin Auboué na yankin Lorraine, unguwanni suka lotsa a 1996, shekaru bayan an daina haƙar tama a ƙarƙashinsu, domin ginshiƙan da aka bari sun gaji. Iyalai da yawa suka bar gidajensu, har majalisar ƙasar ta yi doka a 1999 a kan wanda zai biya irin wannan ɓarna.

A lura da abu ɗaya. Faransawa suna da taswirar ramukansu, an zana, an ajiye, amma duk da haka abin ya same su. Mu kuwa taswirar Garin Liman tana cikin kawunan samarin da suka haƙa, kuma sun watse. Kowace shekara iska na cika bakunan da rairayi, ciyawa na rufewa, masu tunawa na raguwa. Nan da shekara goma sha biyar, wanda zai zo da kuɗinsa neman fili zai ga shimfiɗaɗɗen wuri mai kyan gani.

Ga masu kuɗi da masu sa hannu

A nan ne maganar ta iso gare ku, ƴan kasuwa. Kowa ya san ba da aljihun ɗan ƙauye kaɗai ake ginar rami ba: akwai mai ba da abinci, mai ba da inji, mai sayen abin da aka samu. Wanda ya sa kuɗinsa a rami, a ko'ina yake, ya sa har da kuɗin itacen tokara, ya hana a taɓa ginshiƙi, ya sa a kai tsibi nesa da baki, ya hana babbar mota da injin niƙa tsayawa a kan lunguna. Wanda kuma zai sayi gona ko fili a wurin da aka taɓa haƙa, kada ya saye shi da rani daga cikin mota. Ya zo bayan ruwa, ya taka da ƙafarsa tare da dattijan wurin, ya dubi inda ruwa ya kwanta da inda ya ɓace, ya tambayi maƙwabta zurfin ramukan da inda lungunan suka nufa. Arahar fili a irin wannan wuri tana da dalili.

Ku kuma ma'aikata, masu riƙe da hatimi, takardar da kuka sa wa hannu tana daɗewa fiye da zamanku a kujera. Aikin da ake bukata bai fi ƙarfin ƙaramar hukuma ba: a bi filin rami-rami, a rubuta wurin kowane baki da zurfinsa da inda lungunsa ya dosa, tun ana samun waɗanda suka shiga, a kafa alamun siminti a kewaye, a ajiye kwafi a ofishin magajin gari, da wurin sarki, da ma'aikatar ma'adinai ta jaha, kada a yanka fili ko a gina makaranta ko kasuwa a ciki sai masana sun duba. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kolodo tana nan Maraɗi da ɗalibanta masu karatun ilmin ƙasa, tafiyar da ba ta kai awa guda ba. Malaman makaranta da malaman gona ma suna iya koya wa yara da makiyaya bambancin tsagar fari da tsagar lotsawa cikin yini ɗaya, tun da su ne ke yawo a wurin kullum.

Da la'asar muka juyo. A hanya muka gamu da wani yaro yana kora awaki, ya nufi wajen faƙon nan. Dattijo ya kira shi, ya tambaye shi ɗan wane ne, sa'an nan ya kama hannunsa ya kai shi bakin tsagar, ya ɗora sanda a kwance kamar yadda ya yi mini, ya sa shi ya zura yatsa. Ya ce: «Ka gani? Daga nan ka tsaya. In akuya ta ƙetara, jefe ta da hoge ta dawo, kai kada ka bi ta. Ka faɗa ma abokanka.» Yaron ya gyaɗa kai, ya kora awakinsa ta wata hanyar.

Na yi wa dattijo godiya, na hau kabu-kabu. Kafin magariba ina bakin kwalta, inda manyan motoci ke jere suna jiran takardun duwan. Allah shi kiyaye mu, shi ba magabatanmu ikon yin abin da ya kamata tun da sauran masu tunawa.